Hoton Kaka a Ɗakinta

Zuwa ga Yaya Lukuman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rahmatu da yara. Allah ya tsare ka a bakin aiki can barikin Fatakwal. Baba da Inna suna nan ƙalau, dawar gonarmu ta Manga ta fara fitar da kai. Ni ma ina nan da halina, sai dai kwanan nan dariyar ba ta fita sosai.

Maganar Kaka ce. Hotunan da ƙanenmu Abdulrashid yake tura maka da wayar da ka aiko masa, ka ce ka gan ta sumul, har ka ɗaga hutunka zuwa bayan girbi. Yaya, wayar nan maƙaryaciya ce. Ka san ɗakin Kaka, taga ɗaya ce 'yar mitsitsiya, kuma tun farkon damina Kaka ba ta leƙo tsakar gida ba. A duhun nan sai wayar ta shafe mata fuska kamar an yi wa bango yaɓe. Na so in kira ka, amma na san tun ranar da na yi maka ƙaryar cewa babur ɗinka ya faɗa rafi, ko rantsuwa na yi za ka ce shaƙiyanci ne.

Sai na tafi wurin Kenechukwu, mai shagon hoto na bakin tasha. Ya cire wa tsohuwar kyamararsa gilashin baki, ya nuna mini wani ɗan faranti a ciki mai karɓar haske, sensa yake ce masa. Nasa ya kai rabin kwalin ashana, na waya kuwa ya ce kamar farcen ƙaramin yatsa yake. Wai da rana tsaka bambancin kaɗan ne, amma a duhu kamar tarar yayyafi ne, wani da kofi wani da daro. Abin da wayar ta kasa tarawa sai ta cike da ƙage. Baba ya ce baƙon namiji ba zai shiga ɗakin ba, don haka Kenechukwu ya saita kyamarar ya miƙa mini, yana roƙona kada in yi wasa da abincin 'ya'yansa.

Kaka ta ce sau ɗaya tak, kuma ba a haska mata walƙiya a ido. Na ɗaga kyamarar. Sai na ce mata amaryata ta gyara zama, na samu sabuwar budurwa a Bena, ina son in gwada wadda ta fi kyau. Ta ce miji marar cefane har ya samu bakin magana, ta kai hannu ga sandarta za ta rafka mini kamar kullum. Yaya, sandar ba ta ɗagu ba. A nan na danna.

Ga hoton nan cikin ambulan. Murmushin ya fito, haka ma ramin kumatu, da zoben da ta ɗaure da zare don kada ya zube daga yatsa. Gani ya kori ji. Ka kai wa oganku shi, ka nemi izini tun yau.

Ka gaida Anti Rahmatu da Hafsat da ɗan autanku. Baba da Inna suna gaisuwa. Kaka ba ta ba da saƙo ba, sai dai duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta tambaya ko kai ne.

Naka ƙane, wannan karon ba da wasa ba,
Yazid