Inna Ta Naɗe Likkafaninta Za Ta Shiga Jirgin Ruwa

Gwaggo Nafi, don girman Allah ki taimake ni da shawara, hankalina ba ya jikina. Ban taɓa rubuta wa jarida ba, bara waccan na koyi baƙi a ajin manya na garinmu, in kin ga magana ta hau kan magana ki yi haƙuri. Kuma kada ki buga sunana, mutanen Guci ba su da yawa, kowa ya san kowa.

Maganar ta mahaifiyata ce. Mu biyu muka rage mata, ni da yayana Manu. Yaya Manu ya daɗe a bakin teku, yana dafa abinci a cikin jirgin ruwa na wani kamfani, iyalinsa suna Abijan. Tun da babban farin nan ya cinye mana shanu, Baba kuma bai daɗe ba ya bi su, Inna ba ta koma daidai ba. Ba ta cin abin kirki, ba ta zuwa biki, sai ta zauna gindin rumbu tana kallon turakun da babu komai a kansu. Da ba don 'yan shanun da Baba ya ba Kawu Sambo kiwo can kudu tun kafin farin ba, da yanzu ko nonon dama fura ba mu da shi.

To bayan girbi sai ga saƙon Yaya Manu. Wai kamfaninsu yana bari tsofaffin ma'aikata su ɗauki mutum biyu na gida su zaga da su. Jirgin zai ɗauke su a Kwatano, yana tafe yana tsayawa garuruwan bakin ruwa, ya biya Abijan ya kwashi matar Yaya Manu da yara, su wuce Dakar, su dawo. Ya ce yawon shan iska ne, Inna ta je ta huta. Ni dai ban san iskar da ake sha a teku wadda babu ita a Guci ba. Na ɗauka Inna za ta ce a bar ta da wannan shiririta, sai na ji ta amsa nan take. Ashe 'yar Yaya Manu ta ƙarshe sunanta aka sa mata, ba ta taɓa ganinta ba. Tun ranar bakinta bai huta ba, takwara kaza, takwara kaza. Rabon da in ga haƙoranta a waje tun Baba yana da rai.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wata aba da ake kira asirans, wato inshora. Yaya Manu ya ce ba a shiga jirgin sai da ita, ya turo takardun, ya ce in zaɓa in kai biro, wato ofishin wakilinsu a Damagaram, shi zai biya, amma ƙarfinsa ba zai ɗauki duka ba. Mushe Rabe, haka muke kiran malamin lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, shi ya karanta mani Faransancin. Iri uku ce. Ta ɗaya, in kaya sun ɓata ko sun jiƙe a biya. Ta biyu, in mutum ya kamu da ciwo a hanya a sauke shi a kai shi asibiti. Ta uku, Gwaggo, wai in mutum ya cika a hanya a maido da gawarsa gida.

Da Mushe Rabe ya faɗi haka sai na ture takardun gefe. Yaya zan ɗauki alƙalami in dangwala a kan mutuwar uwata tana zaune tana tsince wake? Ba kiran abin ba ne? Mu a nan ko mafarkin banza mutum ya yi ba ya faɗa, balle ya rubuta ya sa hannu. Amma kuma in na ƙi ta, abin ya faru fa? Akwai wani tsohon soja a garinmu, Baba Maina, wanda Nasara suka kai yaƙi ta jirgin ruwa. Na je na tambaye shi, da na sani ban je ba. Ya ce a gabansa wani abokinsa ya rasu a tsakiyar teku, aka naɗe shi da bargo, aka ɗaura masa ƙarfe a ƙafa, aka zura shi cikin ruwa, jirgin ko tsayawa bai yi ba. Yana ba ni labarin yana tauna goronsa. Tun ranar in na rufe ido abin da nake gani ke nan, Inna tana nutsewa, ba kabari, ba wurin da zan je in tsaya in yi mata addu'a.

Ban gaya mata ko ɗaya daga cikin wannan ba. Amma shekaranjiya na shiga ɗakinta zan sa mata kuka da daddawa a cikin akwatin tafiya, sai na tarar da ƙunshi a can ƙasa. Farin yadi ne sabo, ta yanka ta naɗe. Kusa da shi ga garin ganyen magarya a ƙulle, ga turare, ga 'yar ƙwaryarta. Gwaggo, na san waɗannan kaya kamar tafin hannuna, domin Inna ce mai wanke matan garinmu in sun rasu, ni kuma tun ina budurwa nake riƙa mata ruwa, har ta koya mani. Na zauna bakin gado ina kallon kayan. Da ta shigo ta gan ni ko a jikinta, ta ce in gyara mata bakin akwatin kada ƙwaryar ta fashe. Abin da kawai take ta tambayata, yau ta tambaya gobe ta sake, shi ne ko a cikin jirgin akwai mata masu salla. Na ce mata ina zan sani. Ina jin abokan hira take nema.

Wurin mutum na biyu kuwa na ba Wada, ƙanen maigidana. Ya yi lakwal, yana jin Faransanci, ya taɓa zuwa Yamai, kuma Yaya Manu yana can cikin madafa ba zai samu sukunin kula da ita ba. Maigidana ya ce in ina so ni in tafi, ya yarda, ƙanwarsa za ta riƙe yara, autana ma na yaye shi. Amma ni da ruwa ba ma shiri. Guga nake ja ban taɓa leƙa rijiya ba. In damina ta cika tafkin garinmu ta bayan gonaki nake zagayawa. Yaya za a yi in kwana a kan ruwan da aka ce ba a ganin ƙarshensa? Da na faɗa wa Inna Wada ne, sai ta dube ni ta ci gaba da kaɗinta.

Lokacin kai takardun ya matso. Wace zan zaɓa? Ko in rubuta wa Yaya Manu in ce Inna ba ta da lafiya, a fasa tafiyar gaba ɗaya? Ina jin tsoro, Gwaggo, wallahi ina jin tsoro.

Taki,
Wadda ba ta leƙa rijiya, daga Guci

AMSAR GWAGGO NAFI

'Yata, rubutunki ya fita tsaf, Allah ya saka wa wanda ya koya maki. Ki sha ruwa ki zauna, mu bi abin sannu.

Da farko ki cire maganar ƙarya a ranki. Tsohuwar da ta daɗe ba ta yi dariya ba ta samu abin da take ɗoki, kada ki ƙwace mata shi don ke ki samu barci. In kika fasa tafiyar nan za ta koma gindin rumbu, kuma ke ce za ki riƙa kallonta.

Maganar kiran mutuwa kuwa, amsarta tana cikin wasiƙarki. Da Babanku ya kora wasu shanu kudu wajen Kawu Sambo, farin ya kira? Bai kira shi ba. Ya dai san shekaru ba iri ɗaya ba ne, ya raba dukiyarsa gida biyu, ga shi yau kuna dama fura da nono. Asirans ma tanadi ce irin wannan, sai dai ta 'yan biro ce, da takarda da tambari. Malamai ba bakinsu ɗaya ba a kan hukuncinta, in zuciyarki ba ta kwanta ba ki je wurin limaminku ki gaya masa cewa ba a shiga jirgin sai da ita. Amma alƙalaminki ba ya matso da ajalin kowa, ba ya kuma ja da shi baya.

Ta kaya ki bar ta. Kuka da daddawa da tsofaffin zannuwa, in sun jiƙe a shanya.

Ta biyu ita ce taki, ta jinya, domin ita ce mai amfani ga mai rai. Amma kada ki sa hannu don kawai an miƙo maki. Ki tafi Damagaram da Mushe Rabe ko Wada, ku zaunar da wakilin nan ku yi masa tambayoyi har ya gaji. Shin akwai iyakar shekaru, kada a karɓi kuɗi yau gobe a ce ta tsufa da yawa? In tana da wani tsohon ciwo, kumburin ƙafa ko haki, ku faɗa a rubuta, domin abin da aka ɓoye shi suke kamawa su ƙi biya. Ku tambaya ko tana aiki tun daga ranar da aka bar gida ko sai an taka jirgi, saboda ni kam motar da za ta kai ku Kwatano ta fi ba ni tsoro a kan jirgin. Ku ji ko su ne ke biyan asibiti kai tsaye, ko kuwa sai Manu ya biya sa'an nan ya bi su. Kuma in an sauke ta a wani gari, wa zai ɗauki nauyin mai jinyarta da na komowarsu? Duk abin da ya amsa da baki ku ce ya nuna maku inda aka rubuta shi.

Ta uku, na gane abin da ke jan ki zuwa gare ta. Kabarin da ɗa zai iya zuwa ya tsaya a kansa ba ƙaramin abu ba ne, ba zan raina maki shi ba. Sai dai ki auna. Daga bakin teku zuwa Guci tafiya ce mai nisa, ga zafi, ga takardun iyaka, gawa kuma a akwatin da aka liƙe. Mu kuwa gaggauta sutura muka sani. Labarin Baba Maina na jirgin yaƙi ne a zamanin yaƙi. Jirgin da kika kwatanta mani yana bin gaɓa ne yana tsayawa gari gari, kuma da wuya ki sauka wani garin bakin ruwa ki rasa zango da masallaci da maƙabartar Musulmi. Ku tambayi wakilin abin da suke yi in an yi rasuwa tsakanin gari da gari, ki ji da kunnenki. In Manu yana da hali ya ƙara ta, ba laifi. In babu, kada ki ɗauka kin yi wa Inna butulci.

Yanzu bari in zo kan abin da ba ki tambaye ni ba. Kin ce kina jin abokan hira Inna take nema. 'Yata, ke ma kin san ba haka ba ne. Matar da ta wanke matan Guci da hannunta ba mutuwa take tsoro ba, shi ya sa ta naɗe likkafaninta ta ce ki lura da ƙwarya. Ta sa yadi, ta sa magarya, ta sa turare. Abu ɗaya ne ba ya shiga akwati, hannun macen da ta san yadda ake yi. Shi take tambaya kullum, kunya ce ta hana ta fito fili ta ce ke. Wada yana jin Faransanci, madalla, ya raka ku har Kwatano ya damƙa ku ga Manu ya juyo. Amma Wada ba zai kama ta ya kai ta bayan gida ba in jirgi yana rangaji, ba zai canza mata zane ba in ta yi amai, kuma in ta Allah ta kasance, daga shi har Manu bakin ƙofa za su tsaya. Matar Manu sai Abijan za ta shigo, kuma Inna ba ta san hannunta ba. Naki ta sani, ita ta koya masa.

Ba na yi maki dariyar tsoron ruwa. Ni ma ranar da na fara ƙetare kogi a Gaya idona a rufe yake, ina riƙe da zanen wata mata da ban sani ba. Ki ji tsoronki, ba wanda ya hana ki. Ki nemi wuri can tsakiyar jirgi, kada ki leƙa, yadda kike yi da rijiya, ai duk da haka kina ɗebo ruwa kullum. Maigidanki ya yarda, yara suna da mai riƙo, autanki ya bar nono. Ki daina juya takardun nan kina neman wadda za ta je a madadinki, babu ita a cikin ukun.

Yau ɗin nan, kafin ki tafi Damagaram, ki shiga ɗakin Inna ki ce mata ke za ki raka ta. Ki dubi fuskarta, sa'an nan ki lura ko za ta sake tambayar mata masu salla.

Allah ya kai ku lafiya ya maido ku lafiya. Allah ya sa farin yadin nan ya dawo Guci a naɗe yadda ya tafi, garin magaryar kuma ku wanke wa takwara kai da shi, Inna tana riƙe da ita ke kina zuba ruwa.

Gwaggo Nafi