Ina Kai Musu Burodi, Ba Wanda Ya Ce In Shiga Da'ira

Anti Rosalind,

Ki taimake ni da shawara, domin ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ya saurare ni bai yi dariya ba. Shekaruna ashirin da uku. Ina aiki a wani gidan burodi a nan Ringwood, ina zaune ni kaɗai a ɗaki ɗaya saman shagon wanki. Kakata ce ta raine ni. Ita ta koya mini sunayen ganyayen bakin daji. Coci take zuwa, ba ta taɓa kiran kanta 'yar Wika ba, wato addinin nan na masu girmama wata da ƙasa, amma in wata ya cika sai ta fita lambu ta gaishe shi kamar maƙwabci. Ta rasu bara cikin sanyi, tun daga nan ɗakina ya yi mini girma.

Bayan rasuwarta na fara karanta littattafan Wika. Na ajiye kyandir da kwanon gishiri da na ruwa a bakin taga. Nakan zana da'ira da yatsa, in kira kusurwoyi huɗu na duniya, gabas, kudu, yamma da arewa, da murya ƙasa-ƙasa, don bangon ba kauri. Wani lokaci zuciyata takan kwanta. Wani lokaci kuma sai in ga ni dai yarinya ce tsaye cikin safa tana hira da kyandir. A wurin aiki, tunda Gavin mai gashin burodi ya ga sarƙar tauraron Wika da ke wuyana ban huta ba. Kullum da safe sai ya ce, "Mayya, yau a tsintsiya kika zo ko kin tausaya wa bas? In kin huta ki ɗan tofa wa ƙullin nan ya kumbura."

Da bazara na ji labarin taron masu sha'awar Wika da ake yi wata-wata a ɗakin sama na wata mashaya, ranar Lahadi da la'asar, kowa na iya zuwa. Wata dattijuwa Morwenna da mijinta Denzil ne ke haɗa shi, kuma su ne shugabannin wata tsohuwar da'ira, wato ƙungiyar 'yan Wika, da ke ibada tare a daji. Mutanen kirki ne, Anti. Ina shiga Denzil zai ce, "Ga 'yar burodi ta iso, ku matsa mata kusa da wuta, ita kaɗai ce a nan ba ta da kitsen da zai kare ta." Morwenna ta ce, "Rabu da shi, 'yar nan, nasa kitsen ai na mutum biyu ne, ya sam miki mana." A sha shayi, a yi hirar bukukuwan shekara, in ji kamar na samu gida.

Amma da an tashi sai 'yan da'irar su koma gefe suna shirya inda za su haɗu in wata ya cika, wa zai kawo ruwan tuffa, wa zai ɗauko wa a mota. Ni ina tattara kofuna ina jinsu. Ba taron da na rasa, kuma ban taɓa zuwa ba tare da burodi ba, amma ba wanda ya taɓa cewa in zo. A bakin ƙofa Morwenna takan riƙe hannuna ta ce, "Akwai abin da kike son tambayata, 'yar nan?" Sai in ce, "A'a, ba komai, na gode." To me zan ce? Kaka ta hore ni cewa ba a kai kai teburin da ba a kira ka ba. Sai in hau bas in koma ɗakina.

Yanzu ga bikin tunawa da matattu na ƙarshen Oktoba ya matso. Babban burina in ajiye hoton Kaka cikin na sauran mutane, in ambaci sunanta inda wani zai ji.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wani mutum a intanet, mai kiran kansa Baƙin Hankaka, ya ce ya ga baiwa a idona cikin hoto. Ya ce zai shigar da ni hanyar Wika a ƙarshen mako ɗaya, in je gidansa na bakin teku ni kaɗai, kuma kada in gaya wa su Morwenna don za su yi hassada. Na san maganar tana da wari. Amma shi kaɗai ne ya ce mini zo. Yana jiran amsata kafin Asabar. In je, ko in haƙura cewa ba a so na a ko'ina?

Mai Kawo Burodi, Ringwood

*

'Yata Mai Kawo Burodi,

Bari mu fara da Asabar: kada ki je. Duk wanda ya ce ki zo ke kaɗai, ki ɓoye wa mutanen da suka san ki, zai ba ki a kwana biyu abin da ake daɗewa ana koyo, ba hanya yake son nuna miki ba. Ki toshe shi, ba sai kin ba shi haƙuri ba. Ki kuma gaya wa Morwenna sunansa, don ba ke kaɗai yake rubuta wa haka ba.

Sai labari mai daɗi, wanda tun ina tsakiyar wasiƙarki nake ɗokin gaya miki. A tsofaffin da'irori irin tasu, ba a gayyata. Ƙa'ida ce da suka gada: ba a jawo kowa, ba a lallashi, mai nema shi zai buɗe baki ya nema. Sun yi haka ne don kada wani ya shiga saboda kunya ko don ya faranta wa aboki. Ko Morwenna ta so ki kamar 'yar cikinta, bakinta a ɗaure yake. Iyakar abin da za ta iya shi ne ta tsaya a ƙofa, ta riƙe hannunki, ta yi miki tambayar nan. Ke kina jiran a kira ki don tarbiyya, ita tana jiran ki nema don al'ada, ga burodi yana ta ƙarewa a tsakaninku.

Kakarki ba ta yi kuskure ba, tarbiyyarta mai kyau ce a kusan kowane gida. Su ma ban wanke su duka ba. Na daɗe ina koyar da masu tasowa a wannan hanya, na ga yadda wannan ƙa'ida take barin masu kunya a waje, kuma da Morwenna ta bayyana ta a fili da ba ki sha wannan kaɗaicin ba.

Sai dai ki shirya zuciyarki. Nema ba ya nufin a ce to nan take. Yawanci sai mutum ya yi shekara da kwana ɗaya yana koyo kafin a shigar da shi, kuma tana iya cewa babu wuri yanzu. In haka ne, ki roƙe ta ta haɗa ki da wata da'irar da ta yarda da ita. Bikin Oktoba ma wataƙila na 'yan ciki ne kawai, amma ki tambaya ko akwai na kowa da kowa, ki gaya mata labarin Kaka. In babu, ki shimfiɗa tebur a ɗakinki, ki ajiye mata faranti da abin da ta fi so, ki kira sunanta da ƙarfi, bangon ya ji. Abin da kike yi a bakin taga ba wasa ba ne, da yawa sun bi hanyar nan su kaɗai har tsufa. Shi kuwa Gavin, ki ce masa tsintsiyar tana wurin gyara.

Ranar Lahadin taro ki gasa burodinki, ki zauna kusa da wuta. In Morwenna ta riƙe hannunki a ƙofa, ki ce, "Eh, akwai. Ina so ki koya mini."

Ina yi miki fatan alheri, 'yata. Wata ya haska miki hanya, yadda ya haska wa Kaka lambunta.

Anti Rosalind