Ƙafar Gangar Baba

Kuje,
4 ga Oktoba, 2006

Yaya Nathan,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya sanyin Jos, yaya Anti Rosemary da yara? Mu lafiya, sai dai Baba. Tun hatsarin nan da ya ɗora shi a keken guragu, bakinsa ya mutu, abinci ma sai an yi ta lallashi. Wuni yake a gindin mangwaro yana kallon hanya, yatsunsa na motsi a kan cinya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kiɗa a badujalar 'yan sanda! Tsoro nake ji, Yaya. Gani nake yana tafiya a hankali muna kallo.

Na sauko da gangarsa ta fareti na goge. Rataya ta ba zai yiwu a zaune ba, shi ya sa jiya na je kasuwar Wuse neman ƙafar ƙarfe ta ɗora ganga. Mai shagon ya fito da wata siririya mai ƙyalli, na danna ta da tafin hannu, ta yi rawa kamar ɗan akuya sabon haihuwa. Na zaɓi mai nauyi, ƙarfenta biyu-biyu, da roba a ƙasa. Har kujerarsa na ara na zauna, na sa ya yi ta sassauta noti sai da ta sauko daidai gwiwata. A mota na rungume ta, ina ta ganin Baba cikin farar riga, rana na wasa a kan maɓallansa, har na wuce inda zan sauka.

A gaida kowa.
Ƙanwarka,
Magdalene

Kuje,
19 ga Oktoba, 2006

Yaya Nathan,

Ina fata kuna lafiya. Takardarka ta iso, Mama na godiya.

Na kafa gangar a gabansa, a shimfiɗe sumul kamar faranti a kan tebur. Ya ɗauki sanda ya taɓa sau ɗaya, ya ajiye, ya kau da kai. Kwana tara tana nan kaji na kewaya ta. Na yi kuka, na ce shi ke nan, na tono masa ciwo a banza.

Ranar Lahadi ina share ɗaki na tsaya a kan hotonsa na fareti. Ashe gangar ba a miƙe take ba! Igiyar kafaɗa ce ke karkata ta, gefen hagu sama, shi ya sa yake riƙe sandar hagu a kwance cikin yatsu. Hannun nan bai taɓa sanin ganga a shimfiɗe ba. Na fita da gudu, na kwance notin wuya, na karkata ta.

Yaya, sai Baba ya ɗauki sandunan, ya lumshe ido. Kiɗan ya fara ƙasa-ƙasa kamar yayyafi a kan kwano, kafaɗunsa na tafiya hagu, dama. Mama ta fito da muciya a hannu ta tsaya. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba.

Da ya tsaya, ya harare ni, ya ce na karkata ta fiye da kima, kuma wane sakarai ne ya bar fatar ta saki haka. Ya yi ta faɗa, har da kai a ciki, wai ka kawo masa sabuwar fata da Kirsimeti, kada ka kuskura ka sayo ta banza. Wata takwas rabon da ya yi mini faɗa. Ina tsugune a gabansa ina ɗaure noti, hawaye na zuba, ina roƙon Allah kada ya yi shiru.

Ka gaida Anti da yara.
Taka,
Magdalene