Na Ƙi Sa Hannu a Kan Jarkokin Yayana, Gidanmu Sun Juya Mini Baya

Anti Riet, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama. Mako uku ke nan raina a ɓace, ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa.

Shekara sha tara ke nan ina aiki a wani ɗakin gwaji kusa da garin Dordrecht. Duk jarka ko durom da za a zuba wa abu mai haɗari, ruwan batir ne, guba ce, mai kama wuta ne, sai samfurinta ya bi ta hannun irinmu kafin a buga mata tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya a ɗora ta a tirela. Mu cika ta, mu sa ta a firiza har sanyi ya kai sha takwas ƙasa da sifili, mu sako ta daga sama. Mu danne ta da nauyi kwana ashirin da takwas cikin zafi. Mu hura mata iska a cikin ruwa mu ga ko za ta yi kumfa. In ta tsira, in sa hannu. In ta fashe, ta fashe.

To, yayana Gijs shi ke riƙe da masana'antar robar da babanmu ya bari. Bana ya fito da sabuwar jarka mai lita ashirin da biyar, ya rage kaurinta wai don ta yi sauƙin ɗauka. Da takardun suka zo, na gaya wa shugabana cewa kayan ɗan'uwana ne, a ba wani. Ya ce abokin aikina Tjeerd yana kwance an yi masa aiki a gwiwa, in yi kawai, shi zai tsaya shaida. Guda shida muka sako, biyu suka tsage a gindin murfi. A gabana ruwan gwajin ya malale a daɓe. A hanya kuwa ruwan batir ne zai malale, kuma mutum ne mai fata da ido zai rungumi jarkar ya sauke. Na rubuta cewa ta faɗi.

Washegari sai ga Gijs ya tare ni inda nake ɗaure kekena, har da murmushinsa, wai zai kawo wasu shida da zai sa a yi musu kauri na musamman, in gwada su in manta da na farko. Wato a gwada mai kauri a sayar wa jama'a mai siriri! Ni zai kalla ya faɗa wa haka? Na ce masa ya ba ni wuri. Bayan kwana huɗu wani kamfani a Moerdijk da zai sayi jarkokin ya janye, ma'aikata bakwai suka koma aikin kwana uku a mako. Kuma wai ni na jawo.

Ranar da Mama ta cika tamanin da ɗaya, muna zaune an yi da'ira a falo ana shan kofi, matar Gijs, Marloes, ta miƙo mini kek ɗin tuffa tana cewa, "Ga naki, Madam Hatimi, ko sai kin sako shi daga sama kin gwada?" Kowa ya tuntsire da dariya. Na haɗiye. Sai Mama ta ce, ko kallona ba ta yi ba, da babanmu na raye da na ji kunya. Nan na miƙe. Na ce da Baba na raye da bai bar masana'antarsa a hannun maƙaryaci ba, na zayyana maganar jarkoki shidan nan masu kauri a gaban 'ya'yan Gijs da maƙwabta. Mama ta fashe da kuka. Na fita cikin ruwan sama ko kwat ɗina ban ɗauka ba.

Anti, ni na yi shekara biyar a jami'a ina karatun roba, shi da ƙyar ya gama sakandare, amma shi Baba ya ba wa makullan masana'antar. Ban taɓa cewa uffan ba. Yau na yi aikina daidai, ni ce maciya amana? Mama ta daina ɗaga wayata. Na rubuta wa hukumar da ke sa ido a kan aikinmu takarda a kan abin da ya nemi in yi, tana nan ban aika ba. Mijina Ruud ya ce in yaga. Hannuna ƙaiƙayi yake. In aika?

Mai Hatimi, Dordrecht

*

'Yar'uwa Mai Hatimi,

Ajiye takardar nan tukuna, ki zauna.

Ƙin sa hannun da kika yi daidai ne, kada kowa ya sa ki kokwanto. Jarkar ce ta tsage, ba ke kika tsaga ta ba, kuma abin da Gijs ya nema maguɗi ne, ba shi da wani suna. Shugabanki ma ya yi sake da ya bar ki da kayan ɗan'uwanki. Gobe ki gaya masa abin da Gijs ya nema, a rubuce, ki ce duk abin da ya sake fitowa daga masana'antar nan a kai wani ɗakin gwajin. Da tuni ya kamata ya sani, kuma nan ne muhallin maganar, ba falon Mama ba.

Amma ki sake karanta wasiƙarki. Rabin fushin nan na jarka ne, rabi na makullai. Na biyun shi ya miƙar da ke tsaye, shi ya kunyata mutum a gaban 'ya'yansa ranar murnar tsohuwa. Marloes ta yi rashin kunya, Mama ta faɗi magana mai ciwo, ban musa ba. Sai dai Gijs tsoro ne ya cika shi: mutum bakwai suna kallonsa kowace safiya. Tsoro ba ya wanke shi, amma ya kamata ki gan shi.

Ki je wurinsa ke kaɗai, a ofis. Tambaya ɗaya za ki yi: akwai ko guda daga jarkokin nan da ta fita da tambari? In akwai kuma ya ƙi janye ta, ki aika takardarki a ranar, ba wanda zai zarge ki. In babu, aikawar ramuwa ce, kuma ma'aikatan nan za ta fi taɓawa. Ki ce masa ya mayar da kaurin, ya gyara wuyan murfin, ya kai a gwada inda ba a san shi ba.

Mama kuwa, bar kiran waya. Ki je da ƙafarki. Ki ba ta haƙuri a kan rana da wurin da kika zaɓa, kada ki ba da haƙuri a kan aikinki. Sannan, in ta huce, ki gaya mata abin da kika shekara da shekaru kina haɗiyewa. Wataƙila ba ta taɓa sanin kin so masana'antar nan ba, tunda ba ki taɓa faɗa ba.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya daidaita tsakaninku tun Mama tana da ran da za ta gani.

Anti Riet