Ranar da Baba Ya Shiga Kotu Ba Takalmi

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da amarya da jaririya. Allah Ya sa albarka a sabon garejin da kake aiki, Ya tsare ka daga sharrin masu sharri. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har ta koma yi wa kowa faɗa a tsakar gida, ka san kuwa in ta fara faɗa ta warke. Yayanka Dogo ya sami aikin koyarwar da yake nema, yara kuma kullum tambayarsu yaushe Kawu zai zo.

Na zauna na rubuto maka ne saboda a waya ba ka bari mutum ya kai ƙarshen magana. Rannan ka yi ta ɗaga mini murya, wai za ka hau mota ka dawo, ka janye shaidarka, a bar tsohonmu ya huta. To ga takarda nan, in ka isa ka katse ta. Kai ne ka duba motar fasinjan nan, ka gaya wa mai kamfanin motocin birki ya mutu, ya ce a fita da ita haka. Ta fita ta faɗi, mutane suka rasu, iyalansu suka kai ƙara, kuma ba su da wani shaida sai kai. Shi ya sa mai kamfanin ya kore ka, ya ƙaƙaba maka satar kayan gyara. Wannan duk ka sani. Yadda aka yi da Baba ne ba ka sani ba, don rabi muka gaya maka.

'Yan sanda sun same shi a shago, ya buɗe kan keken ɗinki yana gyara, hannunsa duk mai. Suka ce ya zo ya amsa tambaya ya dawo. Ashe tambayar ɗaya ce, wai ina ɗansa yake. Da ya ƙi faɗa suka cire masa takalmi da hula da bel, suka tura shi bayan kanta. Dattijo mai hawan jini, sai da na yi kamar zan cinye mai tsaron ƙofa kafin a karɓi maganinsa. Babban jami'in ofishin ya ce mini, yana murmushi yana juya makullin mota a yatsa, ai abin mai sauƙi ne, in kira ƙanena ya zo, Baba ya tafi gida. Na tambaye shi me Baba ya sata. Ya ce bai saci komai ba, amma ai shi ya haife ka. Wallahi ban taɓa jin ɓacin rai irin na ranar ba.

Da aka bar ni na ga Baba ta tagar ƙarfe, kuka na fashe da shi. Shi kuwa ko a jikinsa. Cewa ya yi in share hawayena kada su ji daɗi, kuma in na kuskura na kira ka, shi da ni ne. Ya ce a motar nan akwai 'yar maƙwabcinsa na shago, wadda yake gyara wa keke tun tana koyon ɗinki, kuma shi ya raka ubanta asibiti ɗauko gawa.

Lauyar iyalan mamatan ce ta shigar mana da ƙara. In ka gan ta sai ka raina ta, 'yar siririya, muryarta ba ta ko cika ɗaki. Ta zaunar da ni ta ce tsarin mulki bai yarda a kama uba a madadin ɗa ba, bai yarda a kulle mutum a yi ta ajiyarsa ba a kai shi gaban alƙali ba, kuma wannan haƙƙin Baba ne, ba alfarma za mu roƙa ba. Ni da na yi fiye da mako ina durƙusa wa mutane, daga ranar na daina.

Ran zaman kotu da safe sai suka yi dabara. Suka buɗe wa Baba ƙofar baya, suka ce ya tafi gida, an yafe masa. Kai ji, an yafe masa! Ya nemi kayansa, suka ce mai makullin akwatin ajiya bai iso ba, wai ya yi sauri ya fita kawai. Mu kuma muna kotu ba mu san komai ba. Lauyan 'yan sanda ya miƙe, ya gyara rigarsa, ya ce babu wani mutum irin wannan a hannunsu, gayyatarsa kawai aka yi, ya tafi tun ranar. Inna ta yunƙura za ta yi magana, na danne mata cinya. Yana cikin bayani sai ƙofa ta buɗe. Baba ne, da kayan aikin da aka kama shi da su, man keke ya bushe a gaban rigar, gemu ya tsiro fari fat, ba takalmi ba hula, hannu ɗaya riƙe da ƙugun wando kada ya faɗi. Ashe bai nufi gida ba, da ƙafa ya tako kwalta har kotun.

Alƙali ya cire tabarau, ya tambayi Baba daga ina, ina kuma takalmansa. Baba ya gaishe shi da ladabi, ya ce takalmansa suna can inda aka ce bai taɓa kwana ba. Lauyan nan ya kama shafa takardu kamar mai neman allura. Alƙali ya ce an tauye wa Baba haƙƙinsa, kuma babban jami'in ya zo da kansa a zama na gaba, da kayan dattijon a hannunsa, ya yi wa kotu bayani.

Kada ka ɗauka an gama. Washegari wani ɗan sanda ya zo gida da takalman a leda, yana ta Baba a yi haƙuri. Baba ya sa aka ba shi ruwa ya sha, sannan ya ce ya mayar da su, a kai su inda alƙali ya ce. Mai kamfani kuma ya aiko ta bakin wani maƙwabci, wai in ka janye shaida maganar sata ta mutu. Inna ce ta ba ɗan aiken amsa, ba zan iya rubuta ta a takarda ba. Ina jin tsoro, Auta, ba zan ɓoye maka ba, don ƙafafun Baba har yanzu a kumbure suke. Amma tsoro ba zai sa mu sayar da mutanen da suka mutu ba. In mai kamfani da 'yan sanda suna da ƙara a kanka, su kawo sammaci, ka amsa a gaban alƙali da lauya a gefenka. Kada ka zo yanzu ka miƙa kanka a kanta. Ranar da kotu ta kira ka shaida, ranar za ka zo.

Ka gaishe mini da amarya, ka shafa mini kan jaririya. Inna, Gwaggo, Kawu Babba, Dogo da Baban yara duk suna gaishe ku. Baba ma yana gaishe ka, ya ce in rubuta maka saƙonsa yadda ya faɗa, kada in rage. Ya ce in ka janye, to kai ka kulle shi, ba su ba. In kuwa ka tsaya, shi da kansa zai tare ka a tasha, ya shiga da kai kotu ta ƙofar gaba.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka mai faɗa, wadda ta goya ka.