Keken da Aka Ce Kada Inna Ta Ji

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, da fatan Allah Ya sa kabarinka ya yi maka faɗi. Muna nan ƙalau a Birnin Kudu. Inna tana wurina tun bara, ƙafar ce dai take damunta, amma bakin nan yana nan yadda ka bar shi.

Na rubuto ne in faɗa maka na karya alkawarin da na yi maka ina 'yar shekara tara. Na karya shi da Turanci, a gaban baƙo, kuma an ɗauki muryata a na'ura.

Ga yadda abin ya faru. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin ƙaro karatu a kan ƙasar noma, aikinka ke nan da ka yi a kan keke, ni kuma nake yi a kan allo. Sharaɗinsu ɗaya ne: in ci jarrabawar Turanci kafin wa'adi ya cika, har da ta baka, wadda za a zaunar da mutum a yi ta yi masa tambayoyi. Shekara goma ina koyarwa da Turancin nan, amma dole sai wata ta saurare ni na minti goma sha wani abu kafin a yarda na iya.

Sai na shiga ajin wani Malam Sabitu a Kano, duk Asabar. Mutumin kirki ne, yana da amsar kowace tambaya a rubuce, ya raba mana mu haddace kamar karatun allo. Kullum maganarsa: "Ba gaskiya ake tambayarku ba, Turanci ake tambaya." Mu ashirin ne a ajin, kuma a takardarsa dukkanmu muna da jan keke da aka ba mu kyauta ranar bikin zagayowar haihuwarmu. Dukkanmu muna hawansa a lambun shaƙatawa tare da abokai, muna shaƙar iska mai daɗi. Har wata Hajiya mai jikoki uku, ita ma jan keke.

Ranar jarrabawa kuwa tambayar keken ta fito. Na ji daɗi, na zuba haddata ba gargada. Matar da ke jarraba ni ta saurara, ta yi murmushin wadda ta riga ta haɗu da jan keken nan sau da yawa tun safe. Sai ta tambaye ni wa ya koya mini, kuma na taɓa faɗuwa? Baba, wannan ba ya cikin takardar Malam Sabitu. Na buɗe baki, ba lambu, ba abokai, sai kai kawai a tsaye a hanyar Zandam. Kai kuma ka ce kada in faɗa. Na yi ta inda-inda har ta wuce zuwa wata tambayar. Sakamako ya fito, na ci komai, ban da magana. Saura dama ɗaya kafin gurbin ya wuce ni.

Ka tuna keken ai. Baƙi ne, dogo, na aikin malamin gona, ƙararrawarsa ta mutu tun kafin a haife ni, shi ya sa kake yi wa awaki sallama da baki. Lokacin ba a daɗe da cire mu daga Kano an ce mana mu 'yan Jigawa ne ba. Kana cewa jiha sabuwa, takardun ofis sababbi, amma yashin hanyar Farin Dutse bai samu sanarwa ba.

Duk hutu kana ɗora ni a kariyar bayan keken, ka naɗe mini buhu don kada ƙarfe ya ci ni. Fasinja kake kirana. In mun zo hawa sai ka ce: "Fasinja, sauko ki biya kuɗin mota." In sauka in tura.

A bayan Zandam, inda dawa ta rufe hanya ba mai ganinmu, ka fara sauka ka miƙo mini keken. Ƙafata ba ta kai feda daga kan sirdi, sai ka nuna mini in zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya, in tuƙa a karkace kamar mai leƙen rijiya. Ka ɗaure mini zane da igiyar rama. Kana riƙe da kariya kana gudu, kana cewa: "Kada ki kalli taya, tayar ta san aikinta. Kalli inda za ki."

Ranar da ka saki, ban sani ba sai da na ji muryarka ta yi nisa. Na waiwaya, na gan ka can tsaye riƙe da hula, ni kuma na shige gonar gyaɗar wani bawan Allah. Ka zo ka fara duba keken kafin ka duba ni, don na gwamnati ne. Har yau tabon yana gwiwata.

A hanyar komawa Gwaram ka ce: "'Yan mata ba sa hawan keke a garin nan. Kada Innarki ta ji." Na riƙe, Baba. Na riƙe har na yi aure, har ka rasu, har na faɗi jarrabawa a kansa.

Bayan faɗuwar na daina zuwa Kano. Na ajiye takardun hadda, na koma yi wa kaina tambaya ina amsawa a waya, in saurara, in sake. Na lura idan ina ƙarya jimlolina gajeru ne, suna tafiya a tsorace. Idan kuwa na kama abin da na sani, kalmomin da kansu suke zuwa. Wata ranar Juma'a bayan la'asar na ce bari in gwada labarin keken, tunda Inna ba ta jin Turanci. Tana gefe tana tsince shinkafa.

Na manta Zandam ba ta da wani suna a Turanci. Inna ta ji Zandam, ta ji Baba, ta ga ina karkata jiki ina juya ƙafa a kan tabarma. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce: "Labarin keken ne kike ba waya? Wa kike tsammani yake wanke baƙin man sarƙa a zannuwanki?"

Sannan ta ƙarasa ni. Ta ce ita ce ta sa ka koya mini, don ku biyu kuke shiga daji, in wani abu ya same ka a gona a samu mai zuwa kiran mutane. Na ce to me ya sa aka ce in ɓoye mata? Ta ce: "Da an ce ki ɓoye wa maƙwabta, kafin magariba Gwaram ta ji. Amma da aka ce ni, ai kin ga kin kama bakinki shekara nawa."

Wato ku biyu kuka haɗa baki, kuka bar ni ina gadin sirrin da ba kowa a cikinsa sai ni. Na yi digiri biyu ban gano ba.

Na koma jarrabawar. Wannan karon ba a tambayi keke ba, an ce in yi bayanin wani abu da wani ya koya mini ina yarinya. Na ba su baƙin keke, da igiyar rama, da awakin da ake yi wa sallama. Mai jarrabawar ya yi dariya a inda bai kamata ma'aikaci ya yi ba. Lokaci ya ƙare ina tsakiyar hanya, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni daidai inda ka saki kariya, kafin in waiwaya. Don haka a na'urarsu ban taɓa faɗawa gonar gyaɗa ba, ina nan ina tafiya.

Sakamako ya zo shekaranjiya. Na ci, Baba. Zan tafi bayan an girbe dawa.

Kafin nan zan je Gwaram. Keken da ka saya daga baya, bayan ka mayar da na gwamnati, yana rataye a zauren Kawu Sale, tayoyin sun bushe. Na ce a kai shi wurin mai faci. Jikarka Amina ta kai shekara tara, kuma ba sai mun je bayan Zandam ba. Inna ta ce ita za ta zauna a ƙofar gida ta ga mai magana.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya saka maka da alheri a kan kowane taku da ka yi kana gudu a bayana cikin yashi. Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, amin.

Taka har kullum,
Fasinja