Mayafin Kujerar Sarojbala

Kolkata, tsakiyar damina

Zuwa ga ɗan ƙanena Tublu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Paromita da jikata Jhinuk a can Toronto. Ubangiji ya tsare ku. Ni dai gwiwoyin nan ne, sai a hankali. Gidan ya yi mini girma. Tun rasuwar babanka ɗaki biyu kawai nake buɗewa, ruwan sama kuma ya hana ko mai kifi leƙowa.

Ranar Talata aka yi laccar shekara ta kujerar farfesa mai ɗauke da sunan Sarojbala, kakar babanmu. Tunda ba ka taɓa tsayawa ka ji labarin ba, bari in maimaita. Zazzaɓi ya kashe ɗanta, sai ta sayar da gonakinta ta ba jami'a kuɗin, don a riƙa ɗaukar farfesa mai binciken zazzaɓi har abada. Matar da ko sunanta ba ta iya rubutawa! Sharaɗinta ɗaya ne: duk shekara jininta ne zai yafa wa farfesan mayafi kafin ya buɗe baki. Shekarar da aka rasa mai yafawa, a cire sunanta daga kujerar.

To, na je da mayafin da kwalin alewar madara, sandesh, sai matakalar benen da ake laccar ta gagare ni. Na zauna a gindinta ina kuka kamar yarinya. Sabuwar farfesar, Sohini Majumdar, ta sauko da kanta, ta taɓa ƙafata don girmamawa, ta kira ni Mashima, wato inna, ta ce in share hawaye, ai Sarojbala ba ta ce sai a bene za a yafa ba. Ta durƙusa na yafa mata. Na ce ji yadda ta rame, maza ta ci sandesh biyu kafin ta je ta cika wa mutane kunne. Ta ci, tana dariya. Daga nan kowa ya hau, ni kuwa na zauna da tattabaru, sai tafi nake jiyowa daga sama.

Tublu, kaɗaici ya ishe ni, kuma likita ya ce wannan ce fitata ta ƙarshe. Jinin Sarojbala saura ni da kai da Jhinuk. Ban ce ka dawo gida ba, na san halin aiki. Rana ɗaya ce tak a shekara.

Ka gaida Paromita da mahaifiyarta, ka shafa mini kan Jhinuk. Na riga na sayi mayafin baɗi, yana nan cikin akwatin babanka. Hannun da zai yafa shi ne babu.

Mai ƙaunarka,
Gwaggonka, Pishi Mrinmoyee